Gidan da Na Zaɓa wa Inna

Aikina duba-gari ne, kuma a lokacin da nake ba da labari babu matar aure a Dutsin-Ma da ba ta san ƙarar kekena ba. Wani tsohon keke ne mai kukan sarƙa, tun daga bakin layi ake jin sa. Kafin in jingine shi a ƙofar zaure gida ya ɗauki hayaniya, ana ɗauraye randa, ana kore kaji, ana jan murfi a rufe bakin masai. Ina da kakina mai guga da littafina, da wani dogon ludayi da nake zurawa cikin randa in ɗebo ruwan can ƙasa, in ɗaga shi sama in duba ko da tsutsar sauro. In na gani, sai sammaci. Ban taɓa karɓar ko ƙwai ɗaya don in kau da kai ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da kima. Mutane suna cewa zafin kai ya yi mini yawa. Ni kuwa gani nake ido gare ni, babu gidan da zan shiga in fito ban san cikinsa ba.

A shekarun da ake aikin madatsar Zobe, muna cikin jihar Kaduna tukuna, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifiyata a Kurfi. Karo na farko ta tashi, tana jan ƙafa tana dafa bango. Na biyu ne ya kwantar da ita gaba ɗaya. Muka kai ta asibiti Katsina, aka riƙe ta kwana goma sha, sannan likita ya kira ni baranda ya gaya mini gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce magani ya yi iyakar abin da zai yi, abin da ya rage jinya ce, ko makonni ko 'yan watanni. Ya ce a samu inda za a riƙa wanke ta, a ba ta abinci, a kula da jikinta har Allah ya yi ikonsa. Bakinta ya ɗan karkace amma tana magana a hankali, kuma hankalinta garau yake.

Ni ne ɗanta na fari. Tun ina shekara biyu aka miƙa ni ga kakata, a ɗakinta na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban tsabar idona ba, kuma in tana da magana da ni sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ko ta faɗa wa bango ina tsaye. “Wancan” take ce mini. Ba ƙiyayya ba ce, duk wanda ya tashi a wajenmu ya san kunyar ɗan fari, kuma na san tuwon da ya fi yawan nama nawa ne ko da ta ce na baƙo ne. Amma dai haka muka rayu, ban san ɗumin hannunta ba, ita ma tun da aka yaye ni ba ta sake taɓa ni ba.

Inda za a kwantar da ita shi ne ya zama magana. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, gidanmu na Kurfi babu wata mace mai ƙarfi a ciki. Matata ta tafi goyon ciki gidansu a Shema, kuma ko tana nan Inna ba za ta yarda surukarta ta ga tsiraicinta ba. Ƙanwata, wadda ita kaɗai ta rage mini, tana aure a Karofi da yara ƙanana huɗu da miji mai gona, iyakarta ta zo ranar kasuwa ta koma. Ita ce ta kawo mini saƙon Inna a ƙofar asibitin. Ta ce Inna ta ce a gaya wa wancan, in da hali, a kai ta ɗakin Iya.

Iya aminiyar Inna ce tun suna 'yan mata, gwauruwa ce a bayan kasuwar Kurfi. Ita ke karɓar haihuwa a unguwarsu, ita ke wanke gawar mata, kuma an san takan ajiye tsofaffin da ba su da mai jinya har su cika a hannunta. Na ce to, sai na je na duba. Da kakina na je, da ludayina, kamar gidan wadda ban sani ba.

Abin da na gani ya ɓata mini rai tun daga zaure. Akuya biyu a ɗaure kusa da madafi, ƙudaje a kan turmi, danga ta faɗi ta gefe ɗaya. Na zura ludayi a randa, sai ga tsutsa tana wutsil-wutsil. Na leƙa ɗakin da take kwantar da marasa lafiya, babu gado ko na kara. Rairayi ne kawai na rafi an zuba shi da kauri a ƙasa, an shimfiɗa tsohon zane a kai, ga wani tulin rairayin a tsakar gida an baza a rana. Wata tsohuwa tana kwance a kai sai ƙashi da fata. Iya tana biye da ni tana kallona da murmushin da ya ƙara ƙona mini rai. Ta ce in na gama lissafa awakinta in zauna ta gaya mini yadda take yi da majinyaci. Na ce mata ba sai ta gaya mini ba, idona ya gani. Na ce albarkacin Inna ne ya sa ban rubuta ta ba, kuma uwar duba-gari ba za ta kwanta a ƙasa kamar buhun gero ba. Sai ta raka ni har zaure ta ce in gai da mai jiki.

Ɗaya gidan a Dutsin-Ma yake, ta wajen hanyar Katsina. Wani tsohon malamin asibiti ne da ya ajiye aiki ya kama jerin ɗakuna ya shafe su da farar ƙasa, yana karɓar irin marasa lafiyar da asibiti ya sallamo. Likita ake ce masa a gari, ko da yake shi da kansa ya san ba likita ba ne. Na aika masa cewa zan zo ran Laraba da hantsi. Wannan aiken shi ne wautata ta farko, ni da na fi kowa sanin abin da gida ke yi in ya ji duba-gari na tafe.

Na tarar da tsakar gida a share har ana ganin sawun tsintsiya. Gadaje bakwai na ƙarfe a ɗakuna uku, kowanne da katifa da jar roba a kai don kada fitsari ya ɓata ta, da farin zanen gado. Warin maganin wanke ƙasa ya cika ko'ina, warin da a hancina shi ne ƙanshin lafiya. Randuna biyu da murfi da moɗa a rataye. Na zura ludayi, ruwa fes. Masai da murfin katako, kwata tana gudu. Na buɗe littafina na yi masa tambayoyi kamar mai tuhuma: ina ake zubar da shara, sau nawa ake wanke randa, a ina ake dafa abinci, ma'aikata nawa ne. Ya nuna mini mata uku a tsaye da fararen riguna, ya ce shi kuma kullum yana nan safe da yamma. Ban tambayi matan komai ba. Ban tsaya wajen gadon kowa ba, iyakata sannu daga bakin ƙofa, suka ce da sauƙi, na rubuta. Na fito ina jin na yi wa uwata abin da babu ɗan da ya taɓa yi wa tasa a Kurfi.

Da ƙanwata ta gaya wa Inna hukuncin da na yanke, ina tsaye a bakin ƙofa. Sai Inna ta ce wa ƙanwata, “Tun da shi ya duba, shi ke nan.”

Aka kwantar da ita a gadon da ke kusa da taga, ni na zaɓa mata shi. Kullum in na tashi daga aiki bayan la'asar sai in hau kekena in nufi gidan. In jingine shi, in yi sallama, in tsaya daga bakin ƙofar ɗakin in durƙusa in gaishe ta. Kullum tana kwance rigingine, an ja mata farin zane har wuya, fuskarta a bango. In ce ya jiki, ta ce wa bango da sauƙi, alhamdu lillahi. In tambaya ko ana ba ta abinci, ta ce ana bayarwa. Daga nan ba ni da sauran magana, ita ma ba ta da ita. Sai in fita tsakar gida in yi abin da na iya, in leƙa randa, in ɗaga murfin masai, in duba kwanukan. Likita in yana nan ya biyo ni yana yaba idona, in ba ya nan a ce ya je yi wa wani allura yanzu zai dawo.

Matan uku kuwa, bayan ranar farko ɗaya kawai nake gani. Wata Kirista ce daga kudancin Zariya, mijinta makanike ne a tasha, doguwa mai ƙaton hannu, ana ce mata Sista duk da ba ta yi makarantar jinya ba. In na tambayi sauran biyun a ce sun je kasuwa, ko sun je ɗebo ruwa. Na karɓa. Da a gidan wani ne aka yi mini wannan amsar sau uku a jere, da na zauna a zaure har sai na ga ƙarshenta.

A mako na uku na fara jin wani wari a ɗakin, can ƙarƙashin warin maganin, wari mai nauyi mai ɗan zaƙi-zaƙi. Hancina bai taɓa yaudarata ba. Na zagaya bayan ɗakin na tarar kwatar maƙwabta ta toshe daidai ƙarƙashin tagar Inna. Na yi wa mai gidan tas a gaban iyalinsa, na tsaya a kansa har ya yashe ta. Na koma gida ranar ina jin daɗin kaina. Washegari warin yana nan, sai na ce ai ƙasa ce ta riga ta sha, zai tafi a hankali.

A cikin waɗannan makonnin mutum biyu suka tare ni a masallaci suna tambaya ko gidan yana da kyau, ɗaya mahaifinsa ne kwance, ɗaya yayarsa. Na ce musu ni da kaina na duba, kuma ga uwata can a ciki. Duka biyun suka kai nasu.

Ranar da abin ya fito, sarƙar kekena ce ta tsinke da safe, na bar shi wurin mai gyara. Aiki ya kai ni unguwar da hantsi, na ce bari in leƙa tun da ga ni kusa. A ƙafa na shiga, ba wanda ya ji zuwana. Tsakar gida ba shara, kwanukan jiya a zube ƙudaje na bi. Wani tsoho a ɗakin farko yana kiran ruwa da muryar da ta gaji da kira. Likita ba ya nan. Sista ita kaɗai ce a bakin rijiya, ta duƙa a kan tulin zannuwa, ga tukunyar kunu a wuta tana ƙonewa. Da ta ɗago ta gan ni ba ta firgita ba, ba ta ruga ta ja wa kowa farin zane ba. Ta dai tsaya da kumfa a hannu tana kallona.

Na fara faɗa, don shi na iya. Na tambaye ta ina sauran ma'aikatan. Ta ce babu wasu ma'aikata, waɗancan biyun ƙannen matar Likita ne, an sa musu riguna ne ranar da aka ce zan zo. Likita kuwa yana can yana bin kasuwannin ƙauye da jakar allurarsa, sai yamma yake leƙowa, don ya san lokacin zuwana. Ta ce ita ke dafawa, ita ke wanki, ita ke kwashe kashi, ita ke ba mutum bakwai abinci a baki, kuma mutum ɗaya ba ya iya juya babban mutum a kan gado sau da yawa a yini ko da ƙarfin doki gare shi. Ta ce ta gaya wa Likita ya fi a ƙirga. Na ce to me ya hana ta gaya mini. Sai ta share hannunta a zane ta matso.

“Malam, kullum kana zuwa. Ka duba randa, ka duba masai, ka duba kwata. Ko sau ɗaya ka ce mini, Sista, ɗaga ta in ga bayanta? A garinmu ɗa yana ɗaga uwarsa. Na yi ta jira ka tambaya.”

Ta wuce gaba na bi ta. Inna tana kwance yadda na saba ganinta, sai dai babu farin zanen, tsohon zaninta ne kawai a jiƙe. Da ta ji takuna ta gane, ta fara cewa a'a, a'a, da karkataccen bakinta, tana laluben zane da hannun da ke motsi. Sista ba ta saurare ta ba. Ta sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu ta mirgina ta. Fatar bayan ta manne da jar robar, sai da ta yi ƙara kafin ta saki.

Ba zan bayyana duk abin da na gani ba. Gyambo ne uku, biyu a kan kafaɗu, ɗaya a ƙasan baya wanda tafin hannuna ba zai rufe shi ba, ya zurma har ana hango fari a can ciki. Zafin ɗaki da fitsari da roba sun dafa naman mako biyar tana kwance a wuri ɗaya. Wannan shi ne warin da na je na sa aka yashe kwatar maƙwabta a kansa. Abin da ya fi tsaya mini har yau ba gyambon ba ne, kukan da Inna ta yi ne, don ba kukan ciwo ba ne. Kunya ce, wancan ya ga bayanta. Na fita na dafa bangon da aka shafe da farar ƙasa na yi amai.

Na jira Likita har ya dawo bayan azahar. Na ci kwalarsa a zaure, na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa mahaluki ba, har mutane suka taru suka raba mu. Da ya samu numfashi sai ya gyara rigarsa ya ce in buɗe littafina in nuna masa dokar da ya karya. Ya ce randarsa a rufe take, masansa da murfi, kuma ni da hannuna na rubuta cewa gidan ya yi. Na tsaya da littafin a hannu. Gaskiya ya faɗa, babu layi ɗaya a ciki da ya yi maganar juya majinyaci. Na aika wa mutanen nan biyu na masallaci cewa su zo su ɗaga nasu su duba. Ɗaya ya zo ya ɗauke yayarsa a ranar. Ɗayan mahaifinsa ya riga ya rasu kwana uku kafin nan, kuma ɗan nan har shi ma ya mutu bai daina gaishe ni da mutunci ba, abin da ya fi zagi ciwo.

A ranar na samo a-kori-kura, muka shimfiɗa katifa a baya, Sista ta taya ni muka kwantar da Inna a kan gefenta. Ta cusa mata tsumma a tsakanin gwiwoyi, ta ce in riƙe ta kada ta koma rigingine. Ban riƙe ta ba. Na sa buhu na tokare ta, na zauna a can ƙarshen motar ina kallon hanya har Kurfi.

Iya tana tankaɗe a tsakar gida muka shiga. Na yi tsammanin za ta rama, kuma da ta rama da na ji sauƙi. Ta ɗaga zanen ta duba bayan, ta daɗe tana dubawa, ta mayar ta rufe. Sannan ta dube ni ta ce, “Yau ba ka zo da ludayin ba?” Iyakar abin da ta ce ke nan a kan maganar, har ta koma ga Allah.

A nan na zauna na ga abin da na ƙi tsayawa a gaya mini. Rairayin da na raina, daga rafi take sa a ɗebo mata, ta tankaɗe shi, ta baza a rana ya gasu. Yana shanye fitsari nan take, sai ta kwashe inda ya jiƙe da sakaina ta zuba sabo, jiki ba ya kwana cikin laima. Yana kuma bin surar jiki, sai ta yi ɗan rami daidai inda ƙashi ya turo don kada ya danne. Kiran salla shi ne agogonta. Duk kira ana juya majinyaci, da kuma sau ɗaya tsakanin kira da kira, dama, hagu, dama. Maƙwabtanta mata biyu sun san lokacin, da sun ji ladan sai su shigo ba sai an kira su ba. Tana wanke gyambon da ruwan ɗumi da gishiri, ta shafe sauran jikin da man kaɗanya, tana yi tana ba Inna labarin wanda ya yi aure da wanda ya saki, tana tsokanarta da wani saurayi mai tallan goro da ya taɓa bin su suna 'yan mata. A kwana na biyu na ji Inna ta yi dariya daga inda nake zaune a zaure. Randar kuwa tana nan da tsutsarta, na gani da na je shan ruwa. Na wanke ta da kaina na rufe.

Na ɗauki hutu na tare a zauren. Ran kwana na huɗu da azahar maƙwabtan sun tafi gidan suna, aka yi kira babu mai kamawa. Iya ta leƙo ta ce in shigo. Na ce ai ta san ba ya yiwuwa. Ta ce ita ta yanke mini cibiya, kada in gaya mata abin da ke yiwuwa, kunya ta riga ta ci rabonta a bayan nan, ba za a ƙara mata ba. Na shiga. Inna ta runtse ido ta juya fuska. Iya ta nuna mini inda zan sa hannu, ɗaya ƙarƙashin kafaɗa nesa da gyambon, ɗaya a ƙugu. Na ɗaga. Ba ta fi nauyin yaro ɗan shekara goma ba. Ina da shekara talatin da shida a lokacin, kuma ranar na fara sanin cewa jikin uwata ɗumi gare shi. Da muka kwantar da ita sai ta ce wa Iya, ido a rufe, “Ki ce mishi ya ci abinci. Ya rame.”

Daga ranar ni nake kamawa duk kira. Gyambon kafaɗu ya fara bushewa, amma na ƙasan ya riga ya yi nisa, zazzaɓi ya shiga, ta daina karɓar kunu. Kwana goma sha ɗaya ta yi a ɗakin Iya. Ta cika ranar wata Talata da hantsi, a kan gefenta na dama, Iya na riƙe da kanta tana laƙƙana mata kalmar shahada, ni da ƙanwata muna durƙushe. Na san ciwon da ya kwantar da ita ba mai tashi ba ne, likitan Katsina ya faɗa tun farko. Amma na kuma san mako biyar daga cikin 'yan kwanakin da suka rage mata ta yi su ne a kan jar roba tana ruɓewa, kuma ni na kai ta.

Iya ce ta yi mata wanka, ita kaɗai da ƙanwata, ba ta bar kowa ya shiga ba, don haka, ban da maƙwabtan nan biyu, babu wanda ya san komai a Kurfi. Kwana uku ina zaune a kan tabarma ana zuwa gaisuwa, kusan duk wanda ya zauna sai ya yaba mini. Ana cewa na yi ƙoƙari, na kai ta Katsina, na sa ta a gidan Likita mai gadon ƙarfe, Allah ya ba mu 'ya'ya masu jin ƙanmu haka. Ina cewa amin. Babu abin da na taɓa haɗiya mai ɗaci kamar wannan amin ɗin.

Ran sadakar uku da yamma, bayan mutane sun watse, na samu ƙanwata a bayan ɗakin Iya tana kwashe rairayin ƙarshe a ƙwarya. Abin da ke cina tun ranar a-kori-kura ya taso. Na ce mata ni an hana ni gani, amma ita mace ce, duk ranar kasuwa tana zuwa, tana shiga har bakin gado, tana canza mata zane. Na ce ta yaya za a yi ba ta gani ba. Na ɗaga murya, na kira ta sakarya marar lura, na ce da ta buɗe baki da an ɗauke Inna tun gyambon bai fi kwabo ba.

Ta ajiye ƙwaryar. Ta ce ta gani tun mako na biyu, tun yana ja bai fashe ba. Ta ce a ranar ta ɗauki mayafinta za ta zo ofishinmu, Inna ta riƙe mata zane da hannun nan mai motsi, ta sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Duk zuwan da ta yi bayan nan sai ta roƙe ta, Inna ta ƙi. Na ce don me. Ƙanwata ta share fuska da bakin mayafi, ta faɗa mini da irin muryar Inna, a hankali, yadda karkataccen bakin ke fitar da ita:

“Shi ya duba gidan da kanshi, gari duk ya sani. In aka ɗauke ni, za a ce bai iya aikinshi ba. Ki bar shi. Ni kwana nawa ya rage mini?”

Ta ɗauki ƙwaryar ta fita da ita bayan gida. Ni kuma na zauna a ƙasa a inda nake, har ladan ya kira magariba, na miƙe da sauri don lokacin juyi ya yi, na kai bakin ƙofar ɗakin kafin in tuna.